Hular da Ɗinkinta Ke Waje

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku jawo benci ku zauna. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa ɗazu da ya ɗauki hula yana jujjuya ta, wai in an samu keke mai lantarki da isasshen yadi, a wuni ɗaya sai a cika buhu da irinta. Ban ji haushi ba. Kun zo ne ku ɗauki hoto ku watsa don jama'a su taimaka wa yaran nan masu ƙari a ƙwaƙwalwa, Allah Ya saka muku da alheri. Amma tunda za ku yi wa duniya bayanin hular, gara ku san abin da ke hannunku.

Sunana Haladu, sai dai a nan Makera in ba Baba Tela ka ce ba, ba wanda zai nuna maka shagona. A Kakuri na koyi ɗinki, a hannun wani mutumin Kagoro da ake kira Baba Yohanna, zamanin da masaƙu ke aiki ba tsayawa. Mahaifina a masaƙa yake. Shi ya kama hannuna ya kai ni, ya ce, "Yohanna, ga ɗanka." Iyakar yarjejeniyar ke nan. Ku ba ku ga Kakurin wancan lokaci ba. In jiniya ta yi kuka aka tashi daga aiki, kekunan ma'aikata ke cika titi har mai mota ya haƙura ya tsaya. Masu abinci, masu shayi, masu rake, kowa na ciniki. Ƙarshen wata kuwa mutum zai shigo da yadi a hammata, na matarsa, na 'ya'yansa, na tsohuwarsa da ke ƙauye, ya zube a tebur ya ce a yi masa sauri.

Aikin farko da Baba ya ba ni ba ɗinki ba ne. Reza ya miƙo mini da tsohuwar rigar wani, ya ce in farke ta gaba ɗaya kada in ji wa yadin ciwo. Na yi watanni ina farke riguna, ina hura gawayin dutsen guga, ina sa maɓalli. Keke kuwa sai dai in share shi in ɗiga masa mai. Ya ce sai na ga yadda wasu suka haɗa riga ta ciki kafin ya bar ni in haɗa tawa. Wannan baƙin keken mai takawa da kuke gani nasa ne, da almakashin nan da aka naɗe wa hannu da ƙyalle. Mai lantarki yana da gudu, ban musa ba, amma in ka zo kwana, wannan ne za ka iya tafiyar da shi allura ɗaya bayan ɗaya, kuma bai san an ɗauke wuta ba.

Da kayan yara aka fi sanin Baba. Na tuna wata mata da ta kawo ɗanta yana tsala ihu, ya ga tef ya ɗauka allura za a yi masa. Baba ya bar abin da yake yi, ya durƙusa har kansa ya yi daidai da na yaron, ya miƙa masa tef ɗin ya ce, "Zo ka auna ni." Yaro ya yi shiru, ya naɗa wa Baba tef a ka, a wuya, har a hanci. Da ya gama Baba ya ce, "To saura kai." Yaron ya tsaya cak. Sannan Baba ya tambaye shi kalar da yake so. Uwar ta ce ai ita ta riga ta zaɓa. Baba ya ce, "Madam, ke za ki biya, amma ba ke za ki sa ba."

Daga baya masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, Kakuri ta yi sanyi. Idon Baba ya fara mutuwa, ya sallame ni, ya ba ni keken, na buɗe nan. Shi kuma bai iya zaman gida ba. Kullum da hantsi zai iso da sandarsa ya zauna a kan wannan bencin, yana sauraron ƙarar keke. Daga ƙarar kawai yake gane in zare ya yi tauri.

Aikin hula 'yarsa Rahila ce ta kawo shi. A gabana ta girma, tana zuwa shago daga makaranta tana tsince ƙyallaye tana yi wa 'yar tsana riga. Ta zama ma'aikaciyar jinya a Zariya, a ɗakin da ake kwantar da yaran da aka yi wa aiki a ka. Wata Asabar ta shigo da leda, ta juye mini huluna a tebur, na sanyi, na jarirai, har da ƙube.

Ta ce, "Yaya Haladu, duba waɗannan."

Na ce, "Me ya same su?"

Ta ce, "Su lafiyarsu ƙalau. Yaran ne ke jin jiki."

Ta yi mini bayani. Wani tsiro ne ke fitowa a cikin ƙwaƙwalwar yaro, likitoci su buɗe kan su cire abin da ya ciru, su ɗinke. In an kwance bandeji za a sallame shi, ga kai a aske, ga dogon tabo, a mota kowa sai ya zuba masa ido, wani har ya tambaya. Sai uwa ta sayi hular kasuwa ta rufe. Ta sanyi zafi gare ta kuma tana manne wa ciwo. Mai roba tana matse kai. Ɗinkin ciki kuma yana gogar tabon har ya yi ja.

Na ce wannan ai ba aiki ba ne. Kafin ta gama shan ruwa na yanka yadi mai laushi na haɗa guda. Baba daga kan benci ya ce, "Kawo in gani." Haka yake faɗa ko da yake ba ya gani. Ya juya cikinta ya goga a kumatunsa a hankali.

Ya ce, "Nan da tudu. Ni mai tsohuwar fata na ji shi, balle yaro mai sabon ciwo."

Na ce, "Baba, ɗinki ai dole ya zauna a wani wuri."

Ya ce, "Ya zauna a waje."

Na ce, "Za ta yi muni, kamar an sa ta a baibai."

Ya ce, "Sai ka san yadda za ka yi mata ado. Ba kai ne tela ba?"

Shi ya sa kuka ga kowace hula da zanen atamfa a bayanta. Ba gayu ba ne, ɗinkin ne na rufe da shi. Ku sa hannu a ciki, ba za ku ji komai ba. Yadin kuma sai auduga zalla. In mai yadi ya rantse mini auduga ce, nakan zare zare ɗaya in kyasta masa ashana. Auduga toka take zama, mai roba kuwa dunƙulewa yake yi ya yi baƙi. Sai a wanke yadin, a sake wankewa har sitaci ya fita, a shanya a rana, a goge. Ba roba, ba maɓalli, ba zif. Igiya ce mai laushi ake ɗaurewa, ba a ƙeya ba don yaro kwanciya zai yi, a gefen da ba ciwo. Wasu yaran an sa musu siririyar roba a ƙarƙashin fata, ta bi bayan kunne ta sauka ciki tana rage ruwan da ke taruwa a ka. Wannan wurin sai ka sakar masa. Kan kuma ba ya tsayawa a awo ɗaya. Yau ya kumbura, gobe ya saɓe, wani maganin ya cika wa yaro fuska har uwarsa ta ce ba ta gane shi ba. Dole ka bar ninki da za a iya saki. Kowane yaro da tasa, sai ka tambayi inda tabonsa ya bi. To ku gaya mini ta inda za a cika buhu a wuni ɗaya.

A duk waɗanda na yi wa ɗinki, manya da yara, ban taɓa samun mai wuyar sha'ani kamar Zulai ba. Daga unguwar Nasarawa suke. Mahaifinta, Malam Idi, lodin manyan motoci yake yi a Kudenda. Ba ta fi shekara bakwai ba ranar da uwarta ta kawo ta, ta lulluɓe kai da gyalen manya, ido ɗaya kawai ake gani. Uwar, wadda kowa ke kira Maman Zulai, ta zauna kusa da Baba ta ba mu labari. Da amai ya fara, kullum da safe, da ciwon kai. Aka sayo maganin zazzaɓi a kemis. Aka ce taifot ne. Da ta fara tangaɗi in tana tafiya, ido ɗaya ya karkace, sai aka ce iska ce, aka shiga hayaƙi da turare. Sai da wata maƙwabciyarsu da ta san Rahila ta matsa, sannan aka je aka ɗauki hoton kan. An yi aiki, an dace, an sallamo su. Amma yarinya ta ce ita da makaranta har abada, ko ƙofar gida ba ta leƙawa.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Hajiya Zulai, wace kala kike so?"

Ta ce, "Ba na son hula. Hula ta maza ce."

Na ce, "To me kike so?"

Ta ce, "Kitsona."

Uwar ta sunkuyar da kai. Ashe gashi ne da ita har kafaɗa, duk Juma'a sai an yi mata sabon kitso.

Na shiga kasuwa na sayo baƙin zaren saƙa. Akwai mai kitso a bayan shagon nan, na roƙe ta ta kitsa mini shi jela-jela. Na yanka hular da siffar ɗankwali, na ɗinke jelar a bakinta ta waje, yadda za su leƙo ta ƙeya da gefen kunne. Da suka dawo na miƙa wa Zulai madubi ina jiran yabo. Ta duba ta ce, "Wannan kitson ya yi kauri. Ni ƙanana ake mini." Na mayar wa mai kitso. Da suka sake dawowa ta ce ya yi tsawo, kowa zai gane ba nata ba ne, ta nuna mini da yatsa inda nata ke tsayawa. Na rage. Sai ta ce yana yi mata ƙaiƙayi a wuya. Na jiƙa zaren a ruwan ɗumi da sabulun jarirai har ya yi laushi. Baba yana benci yana ta dariya, yana cewa, "Haladu, yau ka samu oga."

Ranar da ta yi daidai sai ta karɓi madubin. Ta juya kai dama, ta juya hagu, jelar na kaɗawa. Ta cire gyalen daga kafaɗa ta miƙa wa uwarta, ta ce, "Mama, mu tafi, gobe akwai makaranta."

Daga nan labari ya bazu a ɗakin jinya. Iyaye mata suka fara zuwa, daga Tudun Wada, daga Sabon Tasha, daga Gonin Gora, mai hijabi da mai ɗaurin coci, duk a benci ɗaya. Kafin in gama awo sun fara hira. Wannan ta gaya wa waccan motar da ta fi sauƙin jijjiga zuwa Zariya, da abin da za ta ba yaro in magani ya hana shi cin abinci, da yadda za ta amsa wa dangin miji masu cewa a bar wahalar da yaro. Asabar ta zama ranarsu. Ko ba su da ɗinki sai su zo.

Hula ba ta da tsada. Abin da ke karya iyaye shi ne mota, da hoton kai, da magani. Na ga uwar da ta fasa komawa asibiti ranar da aka ba ta, don babu na mota. Maman Zulai ce ta dubi tarin ƙyallayen da ke ƙarƙashin tebur ta ce, "Malam, waɗannan zubarwa kake yi?" Muka fara haɗa su muna yin jakunkuna da 'yan ƙananan matasai. Ni ina keke, mata suna yanka suna jerawa, Baba yana murza igiya da lalube yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, mata na tsokanarsa wai muryar ta tsufa. Ranar Juma'a a kai bakin masallaci, ranar Lahadi a kai bakin coci, in ana biki a unguwa a kai can. Abin da aka samu yana hannun mata biyu, in ranar komawar wata uwa asibiti ta zo a sa ta a mota.

Ba a nan suka tsaya ba. Maman Zulai, wadda da farko ko ido ba ta iya haɗawa da ni, ita ce ta koma shiga makarantun matan aure da taron zumuntar mata, tana cewa in yaro na amai da safe ba zazzaɓi, yana kuka da kai, tafiyarsa ta sauya ko idonsa ya karkace, a yi addu'a amma a kama hanyar asibiti. Har tattaki suka taɓa yi daga Kakuri. Ni na ɗinka musu ƙyallen da suka riƙe. Zulai ce a gaba, tana tafe tana kaɗa jela, in aka tsaya sai ta gyara hular kamar amarya.

Wata Asabar Rahila ta zo da wata likita 'yar yarinya. Ta ce bincike suke yi don su gano abin da ke sa yara ba sa isa hannunsu da wuri. Ta zauna a bencin nan tana tambayar mata ɗaya bayan ɗaya yadda ciwon ya fara da inda suka fara zuwa. Da farko sun yi nauyin baki, kowa na jin kunyar ambaton hayaƙi da turare. Sai Maman Zulai ta faɗi nata tun daga tushe, ba ta rage komai ba. Da ta gama ta ce, "Likita, ki rubuta da kyau. Ki rubuta cewa ba sakaci muka yi ba. Ba mu sani ba ne." Likitar ta ce, "Haka zan rubuta, Mama." Bayan nan har la'asar ta yi ba su gama ba.

Waɗannan shekarun su ne masu daɗin sana'ar. Ba wai yara ba sa rasuwa ba. Suna rasuwa, mukan je gaisuwa, mu dawo mu ci gaba. Amma shago a cike yake, ba inda za ka taka sai ka tsallake yaro ko ƙyalle.

Sai shekarar kulle ta zo, lokacin da annoba ta hana kowa fita. Kun san ta, kuna da wayo lokacin. Aka rufe kasuwa, aka rufe masallatai da coci-coci, aka hana shiga da fita gari. Ba inda za a kai jaka, ba mai biki. 'Ya'yan Baba suka ɗauke shi suka kai shi Kagoro tun kafin a tare hanya, don tsoron tsufansa. Ni kuma na ɗora keke a baro na kai gida.

A wata ranar da aka ba da dama a fita sayen abinci, Maman Zulai ta yi sallama a ƙofar gidana. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malam, aman ya dawo." An sake hoto, ƙarin ya sake tsirowa. Likitoci sun ce wannan karon ba yanka ba ne, sai an kai ta Abuja, inda ke da injin da ake ƙona ciwon da haskensa, kuma za a daɗe ana yi. Ga hanya a rufe, ga aikin Malam Idi ya ja baya, ga asusun mata ya bushe.

Abin da ya rage mini shi ne yadin huluna, wankakke, gogagge. A lokacin kowa takunkumin rufe hanci yake nema. Na zauna na shiga yanka. Wanda ya saba da hula, takunkumi ba komai ba ne a wurinsa, sai dai yawa. Na taka keken nan har ƙafata ta kumbura, na koma takawa da ɗayar. Duk ranar fita mata za su zo su kwasa, wannan ta bi layin masu sayen hatsi, waccan ta tsaya bakin famfo. Wata daga Sabon Tasha, wadda ɗanta bai daɗe da rasuwa ba, ita ta fi kowa sayarwa. Abokan aikin Malam Idi suka samo direban motar fulawa, don motocin abinci ba a hana su wucewa ba, ya yarda ya sa uwa da 'ya a gaba. Rahila ta karɓo takardar likita da za a nuna a shingaye.

Hular tafiyar nan daban na yi ta. Babbar mota jijjiga gare ta, kuma yarinya za ta jingina kai. Na yi mata ninki biyu, na shimfiɗa auduga a tsakani, na bi ta da ɗinki sirara-sirara don kada ta dunƙule. Da safe na same su a Gonin Gora, inda motar ta tsaya. Zulai ta rame, amma bakin na nan. Na ɗaura mata, ta shafa ta ce, "Baba Tela, wannan ai matashi ne ka ɗora mini."

Na ce, "Ta hanya ce, Hajiya. In kin isa ki cire."

Ta ce, "To in na dawo shuku nake so."

Na ce an gama. Mahaifinta ya ɗaga ta ya miƙa wa uwar, aka rufe ƙofa. Muka tsaya ni da shi har motar ta sha kwana.

Na ce an gama ne kawai, ban san yadda ake shuku a kan hula ba. Shuku sama yake tafiya ya taru a tsakar ka, ke nan duk jikin hular sai an bi shi da kitso, kuma ko zare ɗaya kada ya ɓullo ciki. Na yi, na farke, na sake. A ƙarshe sai na yi huluna biyu, ta waje mai ɗauke da kitson, ta ciki sumul, na haɗa su a baki kawai. Ina cikin wannan aikin Rahila ta kira ni a waya, ta ce, "Yaya Haladu, Baba ya tafi." Ba hanya, ban je an binne shi da ni ba. Ko rufe shago don makoki ban samu yi ba, da ma a rufe yake. Na so a ce ya goga cikin hular nan a kumatunsa ya gaya mini ko da saura. Na goga a nawa, amma ban yarda da shi kamar nasa ba.

Zulai ta dawo. Fatar kanta ta yi laushi kamar ta jariri, ko iska ta taɓa sai ta yamutsa fuska. Na kai mata hular har gida. Aka kawo madubi, ta daɗe tana kallo, ta taɓa tulin da ke tsakar ka. Sannan ta ce, "Ya yi." Da aka buɗe makarantu da ita ta koma, har 'yan ajinsu suka riƙa tambayar wace mai kitso ce. Ta yi kusan shekara tana zuwa. Da damina ta zagayo ciwon ya sake tashi, likitoci suka kira iyayen suka gaya musu gaskiya, aka dawo da ita gida. Wata safiya Allah Ya karɓi abarSa. Na je jana'iza. Matan Asabar duka sun zo gaisuwa, suka cika tsakar gidan har waje.

Bencin bai sake cika kamar da ba. Waɗanda 'ya'yansu suka warke sun kama harkokinsu, haka ake so. Wasu sun koma garuruwansu da kulle ya karya su. Yanzu aikin ya koma waya, irinku ke yi, taimako na zuwa daga mutanen da ba su taɓa taka Makera ba, kuma ya fi jakunkunanmu sauri. Ban raina ba. Sai dai uwa takan zo a auna ɗanta ta tafi ba ta tarar da wata uwar da za ta ce mata ni ma na bi ta nan ba. Asabar yanzu ƙarar keke kawai ake ji.

Bayan an share makoki da 'yan watanni, na ɗaga kai na ga Maman Zulai a bakin ƙofa. Na ɗauka wucewa take yi. Ta shigo ta ajiye jaka ta ce, "Malam, Baban Zulai ya amince. Koya mini keke." Ba ta ba ni wahala ba, shekarun da ta yi tana kallo sun shiga hannunta. Yau ita ke yanka, ita ke wanke yadi, kitson zare ma ta fi mai kitson iyawa. Abu ɗaya ne ba ta yi. In aka kawo namiji za ta auna shi. In mace ce, sai ta miƙe ta ce zare ya ƙare, ta tafi kasuwa, ba ta dawowa sai sun tafi. Nakan bar ta ta tafi, ko da akwati na cike da zare.

Watan jiya aka kawo wata yarinya daga Gonin Gora, sabuwar sallama, tabon ko bushewa bai gama ba. Ranar ƙafata ta matsa mini, na kasa durƙusawa. Maman Zulai ta riga ta ɗauki gyale za ta fita. Na ce, "Maman Zulai, miƙo mini kujera kafin ki tafi." Ta dube ni, ta dubi yarinyar. Sai ta ajiye gyalen, ta ɗauki tef ta durƙusa.

Yarinyar ta ce, "Ke ce Maman Zulai?"

Ta ce, "Ni ce."

Ta ce, "Wace ce Zulai? Tana ina?"

Uwar yarinyar ta kalle ni, ni kuma na kalli almakashi. Ba abin da za ka gaya wa yaro mai irin wannan ciwon a gaban uwarsa. Maman Zulai ta zagaya tef a kan yarinyar a hankali, ta kauce wa tabon, ta riƙe da yatsa biyu.

Ta ce, "'Yata ce. Ita ta koya wa Baba Tela yin wannan hular. Ɗaga haɓa, 'yar gidana. Ƙanana kike so ko shuku?"

Yarinyar ta ce shuku. Maman Zulai ta faɗo mini awon, na ɗauki alli na shata.